Dillancin Filaye da Gidaje a Kano: Asalinsa, da Yadda Ma'aikatan Kamfani Suka Shige Shi

Nufin wannan takarda shi ne a bi sawun wata sana'a wadda kowa ya san masu yinta, amma ba a cika kula da tarihinta ba, watau dillancin filaye da gidaje a birnin Kano da kewayensa. Duk wanda ya taɓa neman ɗakin haya a Dakata ko Ja'en, ko ya tara 'yan kuɗinsa ya tafi sayen fili a Panshekara, lalle ya bi ta hannun dillali. In da zai tsaya ya tambayi dattawan cikinsu abin da su ke yi a da, zai sami waɗanda ba gadon sana'ar suka yi ba: wani a masaƙa ya yi ƙuruciyarsa a Bompai, wani a majema a Chalawa, wani a kamfanin roba a Sharaɗa. Abin da mu ke so mu nuna shi ne, dillanci tsohuwar sana'a ce ƙwarai a Kano, amma wannan reshe nata sabo ne, kuma ya gaji suna da la'ada daga tsohon dillanci, bai gaji lamunin da tsohon ya tsayu a kansa ba.

Bari mu fara da kalmomin, gama su ne shaidun da suka fi daɗewa. Dillali daga Larabci ya zo mana, daga tushen da ke nufin nuna hanya, kuma daga tushen nan ne muka sami kalmar dalili. La'ada ta fi ban sha'awa, domin kalma ɗaya ce ta Larabci ta shigo Hausa sau biyu. Da ta shigo ta hannun malamai sai ta zama al'ada, watau abin da aka saba. Da ta shigo ta bakin 'yan kasuwa sai ta zama la'ada, abin da aka saba bai wa wanda ya haɗa ciniki. Tun cikin 1947 Joseph Greenberg ya lura da cewa kalmomin aro masu farawa da l, irin su labari da laifi da lahira da liman, wani rukuni ne dabam da masu farawa da al, ya kuma ɗauka su ne suka riga shigowa. Mervyn Hiskett ya yi jayayya da shi game da zamani da hanyar shigowarsu, amma ko wanne ya fi gaskiya, la'ada tana cikin tsofaffin. Bayan waɗannan sai kalmomin zamanin Turawa: kamasho, da ejan, da fuloti, da safiyo, da satifiket. Daga ƙarshe kuma ga wadda Kanawa suka ƙera da kansu, awon igiya, wadda za mu komo kanta.

Mafi kyawun bayanin tsohon dillanci a Kano ya fito daga Kyaftin Clapperton, wanda ya iso birnin cikin Janairu 1824. Ya ga kasuwa cike da dillalai, kuma abin da ya fi ba shi mamaki shi ne, a kan rubuta sunan dillali a cikin kowane ƙunshin riga ko turkuɗi. In aka kai ƙunshin har Barno aka kwance aka tarar kayan ba su kai yadda aka faɗa ba, sai a komo da shi Kano, a nemi dillalin da sunansa ke ciki, shi kuma tilas ya nemo mai kayan, a mayar wa mai saye da kuɗinsa. Mai karatu ya riƙe wannan da kyau. Dillalin wancan zamani ba ya wanke hannunsa ran da ya karɓi la'ada, sunansa yana tafiya tare da hajar har inda ta tsaya.

Kuma ba shi kaɗai ya ke tsaye ba. Baƙon fatake in ya sauka a Fagge ko cikin gari, a gidan fatoma ya ke sauka, shi ke ba shi masauki da abinci da ma'ajiya, shi ke haɗa shi da dillalan gidansa, shi ke tsaya masa in an ci bashi. Abner Cohen ya tarar da tsarin nan da ransa a Sabon Ibadan cikin 1962 da 1963, inda a ke sayar wa mahauta Yarabawa shanun Arewa bashi, ba takarda ba kotu, sai lamunin maigida da sanin da dillalinsa ya yi wa kowane mahauci. Yaro ya kan yi shekaru yana yi wa maigida hidima kafin a yarda ya tsaya tsakanin mai saye da mai sayarwa. Ashe ke nan ƙofar shiga sana'ar ƙunci gare ta, kuma ƙuncin nan shi ne kariyar mai saye.

To, me ya sa ba mu ji labarin dillalan gona da gida a wancan zamani kamar yadda muka ji na tufafi da dabbobi ba? Ba don ba a sayar da gona ba ne. Polly Hill, wadda ta yi bincike a yankin Ɗorayi a farkon shekarun 1970, ta nuna cikin littafinta na 1977 cewa sayar da gona tsohon abu ne a ƙasar Kano, ya riga zuwan Turawa. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ma ya rubuta ɗan littafi a kan hukuncin mallakar ƙasa, kuma ƙararrakin da majalisar Sarki Abbas ta yanke a 1913 da 1914, waɗanda Allan Christelow ya fassara, suna da rigingimun gida da gona. Amma cinikin gona a ƙauye tsakanin waɗanda suka san juna ya ke. Mai saye ya san iyakar gonar tun yana yaro, ya san wanda ya gada da wanda ya jinginar, dagaci da maƙwabta suna nan. Inda kowa ya san kowa, dillali ba shi da abin nunawa. Dillali abincinsa baƙunta ce, kuma a lokacin baƙo haja ya ke kawowa, ba ƙasa ya zo saye ba.

Turawa suka ci Kano cikin 1903. Cikin 1908 aka kafa wani kwamiti a Landan don duba sha'anin ƙasa a Nijeriya ta Arewa, zamanin Gwamna Girouard, kuma cikin masu faɗa a ji a kwamitin akwai waɗanda ra'ayin Henry George ya kama, mutumin Amurka da ke ganin bai kamata ƙasa ta zama hajar kowa ba. Suka ɗauka cewa Bahaushe bai san sayar da ƙasa ba, suka mai da zaton nan doka cikin 1910, aka sabunta ta a 1916: ƙasa duka tana hannun Gwamna, mutum amfani kawai ya ke da shi. Dokar Jihar Arewa ta 1962 a kan turbar nan ta bi, haka kuma Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 wadda gwamnatin Janar Obasanjo ta shimfiɗa wa Nijeriya duka. Tun daga 1910 ke nan aka sami hanya biyu. A takarda ba a sayar da ƙasa sai da yardar hukuma, a zahiri kuwa ana saye ana sayarwa kullum. A tsakanin hanyoyin nan biyu dillalin fili ya sami wurin zama.

Amma sai da baƙin da ke bukatar ƙasa suka zo. Jirgin ƙasa ya iso Kano cikin 1911, cinikin gyaɗa ya buɗe a shekarar da ta biyo, aka kafa Sabon Gari, aka fara sanin gidan haya, abin da tsohon tsarin fatoma bai sani ba. Barth ya ƙiyasta mazaunan Kano dubu 30 cikin 1851. Ƙidayar 1952 ta ba da wajen dubu 130, ta 1963 kuwa kusan dubu 295. Cikin shekarun 1950 da 1960 ne masana'antu suka taru a Bompai, gabas da birni: matatsun man gyaɗa waɗanda Kwarori da sauran baƙin 'yan kasuwa suka kafa, da masaƙu, da kamfanonin alewa da turare da kwanuka. Shirin raya Kano na shekara 20, daga 1963 zuwa 1983, wanda Trevallion ya tsara, ya yi ƙoƙarin shata inda birni zai nufa. Aka ƙirƙiro Jihar Kano cikin 1967, wutar Kainji ta samu daga 1968, kuɗin man fetur ya shigo, dokokin mayar da kamfanoni hannun 'yan ƙasa na 1972 da 1977 suka jawo attajiran Kano cikin harkar. Bompai ta cika, aka buɗe Sharaɗa kashi kashi a kudu maso yamma, sa'an nan Chalawa can gaba a ƙasar Kumbotso, kusa da kogi, inda manyan majemu suka zauna.

An yi wa injuna wuri, amma ba a yi wa masu juya su isasshen wuri ba. Leburan da ya zo daga ƙauye ba ya iya shiga layin neman fuloti a ofishin ƙasa, ba shi da wanda ya sani a can, ba shi kuma da kuɗin ginin da ƙa'ida ta ce a yi. Sai ya kama ɗaki a Gwagwarwa ko Tudun Wada ko Dakata in a Bompai ya ke aiki, a Ja'en ko ƙauyen Sharaɗa in a Sharaɗa ne, a Panshekara in a Chalawa ne. Ƙauyukan nan suka kumbura, gonakin da ke kewaye da su suka fara zama unguwanni. Fari na 1972 zuwa 1974, da cutar da ta kashe gyaɗa cikin 1975, suka daɗa koro mutane birni.

Wane ne leburan nan, me kuma ya ke buri? Paul Lubeck ya zauna da ma'aikatan masana'antun Kano a farkon shekarun 1970, lokacin yajin aikin neman kuɗin Adebo na 1971, ya kuma fitar da littafinsa cikin 1986. Ya tarar da yawa daga cikinsu 'yan ƙauye ne, da yawa kuma almajirai ne da suka yi yawon karatu kafin su shiga kamfani. Abin da ya fi muhimmanci ga zancenmu shi ne, ba su ɗauki aikin kamfani sana'ar zama ba. Burin mafi yawansu su tara jari su koma kasuwa, su zama masu kansu. Wannan ba abin mamaki ba ne ga wanda ya san Kano, inda a ke girmama mai tebur ɗaya a kasuwa fiye da mai albashi. Watau tun injuna suna kuka zuciyar ma'aikaci tana waje. Abin da bai zata ba shi ne zai fita ba tare da jarin ba.

Labarin faɗuwar masana'antun sananne ne, ba sai mun daɗe a kansa ba. Farashin man fetur ya karye a farkon shekarun 1980, aka rasa kuɗin waje na sayo kayan aiki. Cikin 1986 gwamnatin Janar Babangida ta kawo shirin gyaran tattalin arziki, naira wadda ta ke kusan kai ɗaya da dala ta faɗi zuwa wajen 4, ta ci gaba da gangarawa. Wutar lantarki ta zama sai an ga dama, kowane kamfani ya koma kan janareta. Daga shekarun 1990 atamfar waje ta malalo, ta halal da ta fasa-ƙwauri, har Kantin Kwari ya cika da kayan Sin. Masaƙu suka rufe ɗaya bayan ɗaya, aka sallami ma'aikata, waɗansu da ɗan kuɗin sallama, waɗansu da alkawari kawai. Mai nazarin harshe ba ya rasa lura da cewa kalma ɗaya ce a wurare biyu: an sallami ma'aikaci, mai gona kuma ya ce ya sallama. Mutumin da aka faɗa wa ta farko shi ne ya koma neman a faɗi ta biyu a gabansa.

Waɗanda aka sallama sun watsu cikin sana'o'i iri iri. Waɗansu sun koma gona, waɗansu sun hau acaɓa har aka hana ɗaukar fasinja a babur a Kano cikin Janairu 2013, waɗansu gadi, waɗansu tireda. Dillancin fili da gida kuwa yana da abin da ya fi sauran jan hankalin mutumin da ya fara manyanta: ba ya bukatar jari, ba ya bukatar ƙarfi, ba ya bukatar takardar makaranta. Jarinsa sani ne, kuma tsohon ma'aikaci yana da shi. Ya shekara ashirin a unguwa, ya ga lokacin da ta ke gona. Ya san gidan da magada ke son rabawa, ya san Alhajin da ke da ɗakuna goma babu kowa, ya san inda ruwa ke kwanciya da damina, da inda warin majema ke kaiwa in iska ta juyo. Ya iya ɗan karatu da lissafi, ya saba da mutanen kudu da na arewa a wurin aiki, ya san yadda a ke magana da kowannensu. Sai ya sami benci a gindin bishiya kusa da masallaci ko bakin titi, ya zauna da waɗanda suka riga shi. Da wayar hannu ta zo cikin 2001, ko bencin ma bai zama tilas ba.

A nan ne awon igiya ya shigo. Dokar 1978 ta ba Gwamna ikon karɓe ƙasa don amfanin jama'a, diyyar da ta tanada kuwa ta abin da aka gina ko aka shuka ce, ba ta ƙasar kanta ba. Ta kuma ƙayyade filin da ba a gina ba wanda mutum zai riƙe a cikin birni ga rabin hekta. To, manomin da gari ya iso bakin gonarsa ya san lissafinsa. In ya jira hukuma ta zo da safiyo, abin da zai samu kaɗan ne. In ya riga ta, ya yanka gonar ya sayar, kuɗin ƙasa ya shiga aljihunsa. Sai ya kira dillali, a zo da igiya da turaku, a auna ƙafa 50 da 50, ko abin da bai kai haka ba, a bar ɗan lungu a ce hanya ce. Ba a bar wurin makaranta ko magudanar ruwa ba, gama kowane taki kuɗi ne. Mai saye ya ba da kafin alƙalami, a rubuta takardar ciniki, shaidu su sa hannu, a kai wa mai unguwa ya shaida, a raba la'ada. Sau da yawa ba dillali ɗaya ba ne: wanda ya san mai gona, da wanda ya san mai saye, da wanda ya haɗa su biyun, kowa da rabonsa.

Masu tsara birane suna zagin awon igiya, kuma suna da hujja, duk wanda ya ga yadda ruwa ke cin waɗannan unguwanni da damina, ko ya ga motar kashe gobara ta kasa shiga lungu, ya san haka. Amma ni a ganina ba a yi wa dillalan nan adalci in aka tsaya nan. Babban ɓangare na mutanen Kano a irin unguwannin nan su ke kwana, kuma da sun jira fulotin hukuma da har yanzu suna jira. Igiyar nan ita ta ba lebura da ɗan tireda da malamin firamare wurin da za su kira nasu. Aikin da ofis ya kasa yi, talaka ya yi wa ɗan'uwansa shi gwargwadon iyawarsa.

Aibin da ya fi damuna dabam ne, shi ne wanda muka fara da shi. Wanda ya shiga dillanci daga kamfani bai yi wa wani maigida hidima ba, ba wanda ya tsaya masa, ba kuma wanda za a kama in ya ɓata. Sauƙin shiga da ya cece shi daga yunwa shi ne ya buɗe ƙofa ga wanda ba shi da niyyar gaskiya. Daga nan a ke samun fili ɗaya an sayar wa mutum biyu ko uku, da gonar gado wadda ɗa ɗaya ya sayar ba da sanin 'yan'uwansa mata ba, da filin da ke ƙarƙashin babbar wayar lantarki ko kan hanyar da hukuma ta riga ta shata, sai an gama gini a zo a shafa jan fenti. Fiƙihun Malikiyya da a ke karantawa a zaurukan Kano bai bar waɗannan a buɗe ba. Ya hana mutum sayar da abin da ba nasa ba, ya hana ƙara farashi da baki don a ruɗi mai saye, ya kuma ba abokin tarayya a ƙasar da ba a raba ba haƙƙin shuf'a, watau ya karɓe rabon da aka sayar ya biya kuɗin. Amma hukunci yana aiki ne in an sami wanda za a gurfanar. A takardar cinikin fili, in sunan dillali ya fito, a layin shaidu ya ke fitowa. Turkuɗin Kura da aka kai Barno cikin 1824 ya fi filin da talaka ya zuba tarin shekara goma a kansa samun mai lamuni.

Dokar zamani ma ba ta cike gurbin ba. Dokar 1975 wadda ta kafa hukumar rajistar masu ƙiyasta darajar gidaje da filaye, ta masu takardar babbar makaranta ce, kuma su harkarsu tana Nasarawa da manyan tituna, inda a ke da satifiket. Dillalan unguwa sun kafa ƙungiyoyinsu, suna yanka kati, suna sasanta rigima tsakaninsu, kuma wannan wani yunƙuri ne na maido da abin da fatoma ke yi a da. Sai dai kati shaida ce ta cewa an san mutum. Fatoma kuwa dukiyarsa ya ke sawa, in baƙonsa ya yi hasara ta hannun yaron gidansa shi ke biya.

Masana'antun kansu ba su mutu duka ba. Har yanzu akwai masu aikin roba da fata da abinci da shinkafa a Sharaɗa da Chalawa da Bompai. Amma da yawa daga cikin manyan rumfunan da injuna suka yi kuka a ciki sun zama sito, ana jibge kayan da aka shigo da su daga waje, waɗansu harabobin kuma an yanka su an yi shaguna. Watau filin kamfani shi ma ya shiga kasuwa. Irin wannan babban ciniki lauyoyi da masu rajista ke yinsa, da banki a tsakani in akwai bashi a kai. Tsohon ma'aikacin da ya san kowane lungu na harabar ba a kan neme shi ba, sai fa in ana son wanda zai nuna ƙofa. Rabonsa yana can bakin gari, wajen Gaida da Zawaciki da abin da ya yi gaba, inda gero ke tsaye bana, igiya kuma tana jiran kaka.